Mutumin da Ya Yanka Kabewa a Madadin Bunsuru

A safiyar Talata, uku ga watan Oktoba, Pandit Kamalakant Ojha, malamin addininmu mai kula da ɗakin ibada na ƙauyenmu Belgawa, ya rasu bayan doguwar jinyar ƙirji. Ni Phulmati, mai saƙa furanni a ƙofar ɗakin, ni nake rubuta wannan, tunda manyan garin duk sun yi gum.

Panditji, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, ba na manta damunar da rufin ɗakin ya rushe. Ruwa ya wanke jan garin nan na ibada da kakanninmu suka yi ta shafa wa baƙin dutsen da muke bauta wa, muke kira Bhairab Baba, wanda ake yanka wa bunsuru kowace shekara. Sai ga fuska mai lumsassun idanu, dogayen kunnuwa, da hannu ɗaya yana taɓa ƙasa. Ka daɗe tsaye cikin ruwa, sannan ka ce mini, "Phulmati, Buddha ne fa. Duk shekarun nan jini muke zuba wa wanda ya hana zubar da jini."

Da wani ne, da ya mayar da jan garin ya yi shiru. Kai kuwa ka tara mutane ka faɗa musu. Ka ce Buddha ba baƙo ba ne, littattafanmu ma sun lissafa shi cikin siffofin da abin bautarmu Bishnu ya sauko duniya da su. Ka ce a ganinka, zama da mabiyansa ne ya ƙara wa magabatanmu ƙyamar yanka, ya koya wa masu gudun duniya zama a gida ɗaya. Da idi ya zo, ka ɗora kabewa a wurin yanka, ka shafa mata jan gari, ka raba ta biyu da wuƙa.

Dagaci Jagdeo Singh ya yi dariya ya ce, "Pandit, miyar taushe za ka yi wa Baba? Wanda ya saba da nama?"

Da damuna ta zagayo, maciji ya sari ɗanka namiji tilo, Nilmani, a gonar shinkafa. Tun kafin tokar gawarsa da aka ƙona ta huce gari ya ɗauka cewa Baba ne ya karɓi jinin da aka hana shi. Kaico! A kunnen uwarsa aka faɗa. Aka daina kiranka ɗaurin aure. Duk da haka, wanda ɗansa ya kwanta ciwo ƙofarka yake bugawa, ka tashi ka bi shi da magani, ko da shi ne ya zage ka jiya. Da mijina ya mutu, kai ka kawo itacen ƙona shi a kanka. Kuma kowace shekara kabewa ka yanka.

Ranar Talata da kyar aka samu kafaɗun ɗaukar makararka. Na ji kunyar garin nan, kuma ban yafe ba.

Gobe ne idi. Jagdeo ya riga ya ɗaure baƙin bunsuru a gindin bishiyar ɗakin. Ya san iyalinka ba su da ikon shiga ɗakin ibada sai kwanakin makoki sun ƙare. Ɗazu 'yarka Kumkum ta zo ta tsaya nesa da rumfata ta ce, "Goggo, kabewar mahaifina ta nuna a kan rufinmu. Ni ina cikin makoki, ba dama in taɓa ta. Ke ki tsinka."

Na ce, "Ni, tsohuwar banza? Wa zai saurare ni?"

Ta ce, "Mahaifina ma ai ba wanda ya saurare shi."

Ubangiji ya ji ƙanka, Panditji, ya ba ranka salama, ya 'yantar da kai daga sake dawowa duniyar nan. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Sumitra Debi da Kumkum, Ubangiji ya ba su haƙuri.

Na tsinko kabewar, tana nan kusa da tabarmata. Daga nan ina jin kukan bunsurun. Tsoro nake ji ƙwarai, amma gobe da sassafe zan ɗauke ta in tafi da ita wurin yanka.