Duwatsun da Baba Ya Matsar

Aikina a ofishin aikin gona na Funtuwa shi ne sulhunta hoto da taswira. Jirgin sama zai ɗauko hoton gonaki, ni kuma in ɗora shi a kan tsohuwar taswira bisa teburin gilashi mai fitila a ƙasa, in yi ta jujjuyawa har su yarda da juna. Daga nan in bi layukan ɗaya bayan ɗaya in shigar wa kwamfuta, wadda ita kaɗai ke da fanka a ofishin.

Kafin jirgi ya zo, mukan jera duwatsu a wurare huɗu da muka auna, mu shafe su da farar ƙasa don su fito a hoto. Ɗaya ya faɗo tsakiyar gonar mahaifina a Dayi. Ni na jera da hannuna, har da taƙama.

Da hoto ya iso, uku suka zauna daram, na huɗu, wato na Dayi, ya ƙi. In na jawo shi, hanyar Malumfashi ta faɗa cikin rafi.

Shugabanmu, Bayerabe haifaffen Funtuwa, ya leƙo ya ce, "Malam, ko kai ka yi kuskuren awo, ko Dayi ta yi tafiya. Zuwa Litinin ka gaya mini wanne ne."

Na hau babur sai gida. Na tarar da duwatsun a bakin burtali, an jera su tsaf, har sun fi yadda na bar su kyau.

"Ni na matsar," in ji Baba. "Inda gwamnati ta ajiye dutse, hanya ke biyowa. Taku talatin kacal, wa zai gani?"

Na ce, "Jirgi, Baba."

Ya ce, "Jirgin da ke sama?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma taɓa alamar gwamnati magana ce da kan kai mutum gaban alƙali. Ranar Litinin na ce ni na yi kuskure. Aka ɗauke ni daga teburin gilashi aka mayar da ni sito, na yi shekara uku ina kaɗe wa buhunan taki ƙura.

Dama babu wata hanya da aka shirya bi ta gonar. Har ya rasu, Baba yana ba baƙi labarin yadda ya ceci gonarsa, yakan kuma ƙara da cewa ɗansa yaron kirki ne, sai dai awo ya gagare shi. Ina zaune a gefen tabarma nake ji. Wannan kuskuren kaɗai ne ban taɓa gyarawa ba.