Inci Biyu

Har yau Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ya rage a gidan da aka haife su. Yayyensa sun watse, wannan aiki ya ɗauke shi, waccan aure ya kai ta nesa. Shi kuwa ya koyi gyaran famfon rijiyar burtsatse, ya yi aure, ya zauna a sashen baya yana cewa na ɗan lokaci ne. Ana cikin haka mahaifiyarsu ta rasu, bayanta kuma ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ba wanda ya zaunar da Auta ya ce kai za ka riƙe shi. Gari ne kawai ya waye aka ga shi ke yi masa wanka.

Motar da yake aiki da ita ta Baba ce, farar a-kori-kura mai ƙofa biyu wadda tsohon ya saya lokacin da ya bar tuƙin manyan motoci. Bayanta a ɗage yake, gabanta a sunkuye, har matar Auta take cewa motar kullum kamar ta yar da wani abu tana nema. A bayan yake loda bututu da igiyoyi da akwatin kayan aiki. A gaban kuma yake zaunar da Baba duk ranar gashin jiki a asibiti. Sun saba da yadda ake yi: Baba ya kama murfin ƙofa da hannun hagu, ya juya baya, ya zauna, Auta ya ɗaga masa ƙafar da ba ta motsi ya shigar. Kujerar daidai ƙugun tsohon take.

Wata rana manajan wasu gonaki da ke can bayan wani kwari ya kira shi. Rijiyoyinsu da yawa ne, masu aiki da hasken rana, kuma suna neman mutum ɗaya da zai riƙa kula da su duk shekara. Auta ya je ya duba. Wurin ya yi masa, fili ne iya ganinka, babu katanga, babu mai kiran sunansa daga ɗaki. Amma a dawowa, wajen gangara kwarin, gaban motar ya daki dutse har haƙoransa suka haɗu. Manajan da ke gefensa ya ce, “Yanzu ma rani ne. In ruwa ya sauka, wannan motar taka ba za ta tsallaka ba sai ka ɗaga ta.”

Auta ya tafi garejin wani bakanike da ake kira Sarkin Sifirin, mutum mai faɗin ƙirji da son zance. Bakaniken ya zagaya motar, ya danna gabanta da tafin hannu, ya leƙa ƙasa.

“Hanya biyu ce,” in ji shi. “Ko dai in sa mata ƙarfe a kan sifirin gaba, hancin ya tashi inci biyu ya yi daidai da baya. Wannan aikin wuni ɗaya ne, ba abin da zai canja a tuƙinta. Ko kuma mu ɗaga ta gaba ɗaya, inci shida, sabbin sifirin, dogayen shokozoba, manyan tayoyi. Za ta ƙara shan mai, za ta riƙa rangaji a kwana, amma kwarin nan naka za ta wuce shi tana hamma.”

“Inci biyun ba zai isa ba?”

“Zai isa ka daina fasa bamba. Ruwa kuwa bai san inci biyu ba.” Ya nuna wata baƙar mota a gindin bishiya, tasa ce, ya ɗaga ta da kansa. “Ɗauki waccan ka wuni da ita. Ba na son mutum ya dawo yana cewa na cuce shi.”

Sai da Auta ya kama sitiyari ya ja jikinsa kafin ya hau. Da ya fito titi ya ga rufin ƙananan motoci a ƙasansa, ya ga cikin gidajen mutane ta saman katanga. Ya bi wata hanya mai ramuka da ya saba kaucewa, motar ta taka su kamar ba komai. Ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai.

A ƙofar gida dariyar ta tsaya. Baba ne ya gina ƙofar da hannunsa, da siminti gicciye a samanta, ya auna ta daidai tsohuwar motar. Baƙar ba za ta shiga ba. Auta ya ajiye ta a waje, ya ce a ransa siminti ne, ana fasawa. Ranar kuwa ranar asibiti ce, don haka ya turo Baba a keken guragu har bakin titi.

Tsohon ya ɗaga kai ya kalli kujerar, wadda yanzu ta kai masa ƙirji. Ya miƙa hannun hagu, bai kai ga abin kamawa ba. Auta ya rungume shi ta baya ya ɗaga, ƙafar da ta mutu ta maƙale a ƙarƙashin ƙofa, hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare har cikinsa ya fito. Mai shagon da ke kallon gidansu ya taso da gudu, wani mai wucewa ma ya sa hannu. Mutum uku suka tura shi ciki kamar buhu. Baba, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana hawa motocin da suka fi wannan tsayi da tsalle ɗaya, ya zauna yana haki, idonsa a kan gilashi.

Sun yi nisa kafin ya yi magana, da harshensa da ya yi nauyi.

“Mota mai kyau ce.”

“Aro na yi, Baba.”

“Na sani. Matarka ta gaya mini zancen gonakin.” Ya goge gefen bakinsa. “Ka ɗaga taka. Ni a bar ni a gida. Gashin nan ma ban ga abin da yake ƙara mini ba.”

Auta ya san ba gaskiya ba ne. Da gashin ne tsohon yake iya riƙe cokali.

Da yamma ya kira babban yayansu ya faɗa masa komai. Yaya ya saurara, ana jin ƙarar talabijin a bayansa, sannan ya ce ai abin mai sauƙi ne, a riƙa ɗaukar tasi ranar asibiti. Auta ya ce masu tasi ba sa shigowa layinsu in an yi ruwa, kuma ba sa jira. Yaya ya ce to a samo mai jinya. Auta ya ce an gwada, Baba ya ƙi cin abinci har sai da mutumin ya tafi. “To, Auta, kai ne a kusa, kai ka san abin da ya dace,” in ji Yaya. “Allah ya saka maka. Duk muna alfahari da kai.” Ya ce a gaida Baba.

Matarsa tana ninke kayan wanki a bakin gado, ta ji duk abin da aka faɗa.

“Baban yara, in ka karɓi aikin nan ma, wa zai juya shi in ka kwana can? Ni ba ya yarda in taɓa shi, ka sani. Kunyata yake ji.”

“Na sani.”

“Ba hana ka nake yi ba.”

“Na san ba ke ba ce.”

Ya fita tsakar gida ya tsaya inda tsohuwar motar ta saba kwana. Ya yi ta lissafin dabaru, ko matakala mai naɗewa, ko katako mai gangara, ko ya sayar da ita ya sayi biyu ƙanana. Kowace dabara in ya bi ta sai ta dawo da shi ɗakin Baba.

Washegari ya mayar da baƙar mota. Sarkin Sifirin ya fito yana murmushi, yana goge hannu da tsumma.

“Yaya ka gan ta?”

“Sa mini na inci biyun.”

Bakaniken ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya dubi fuskarsa ya fasa. Ya kira a kawo jak.

Motar ta fito hancinta a miƙe, ta yi kyau, har mai shago ya tambaya ko fenti aka sake. Ta shiga ƙofar gida da ƙyar, rufinta na neman shafar siminti. Inci biyun ma sai da Baba ya ji shi a ƙugunsa, don haka Auta ya haɗa ɗan akwatin katako yana ajiye masa ya taka. Ya gaya wa manaja zai riƙa zuwa yana dawowa a wuni, kuma ya yi hakan har ƙarshen rani. Ruwan farko mai ƙarfi ya same shi a bakin kwarin. Ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana aunawa, ruwan ya wuce gwiwarsa. Daga can tsallake yana hango tankunan gonakin. Ya daɗe a tsaye kafin ya juya motar. Ba a jima ba aka ba wani mutum daban aikin.

Ya koma gyaran famfunan cikin gari, gidajen da zai iya barin aiki ya dawo in an kira shi. Yayyensa suna zuwa lokaci-lokaci da jikoki, su cika gidan da hayaniya, su ce Baba ya yi kyau, su tafi.

Bayan damina ta biyu, yana zaune a bencin asibiti da takalmin Baba a hannunsa, manajan ya sake kira. Wanda suka ɗauka ya gudu, rijiyoyi da dama sun tsaya.

“Ka ɗaga motar kuwa?”

“Gaban kawai.”

“To ka yi tunani. Mu dai kai muke so.”

Auta ya ce zai yi tunani. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ɗan tsohon nan ya shigo, an gama gashin, Baba yana neman a kai shi banɗaki. Ya sa wayar a aljihu ya tashi.