Tsamiyar Matar Yayana

Shekarar da ruwa ya tafi da gada, muka yi wata biyu muna ƙetare kogi a kwalekwale, ita ce shekarar da aka kawo ki gidanmu amaryar yayana. Ranar Talata, bakwai ga watan nan, bayan azahar, Allah Ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Ga shi tun ƙasar kabarinki ba ta bushe ba, babban ɗanki ya kawo mai zarto ya duba tsamiyarki, wai shago zai gina a gurbinta.

Da ƙwallayenta uku kika zo, ƙulle a bakin zane. Na ce, "Matar Yaya, mai shuka tsamiya ba ya shan 'ya'yanta." Kika ce, "To kai ka sha, sarkin gardama, tunda ko ajali sai ya gaji da musunka." Shekara goma sha ɗaya ruwan alwalarki yana ƙarewa a gindinta kafin ta haihu. Kika sha, na sha, unguwa ta sha.

Ba ki taɓa yarda a doke ta da sanda ba. Sai ɓawo ya bushe, ya yi ƙaras in an matsa, sannan a hau a tsinko da hannu. Mai zazzaɓi ki ba shi jiƙo, mai gyambo garin sassaƙe, mai jego ganye a ruwan wanka. Har maƙerin bakin titi yakan zo nemanta don goge tagulla. Ba wanda ya koma hannu sake.

Yanzu in na gyangyaɗa da hantsi sai in gan ki zaune a ƙarƙashinta, ƙananan ganye suna zubo miki a kallabi kamar yayyafi. Kina ɓara a faranti, marigayi yayana yana gefe yana yatsine fuska don tsami, yana miƙo hannu a ƙara masa. In na buɗe ido, sai inuwa kaɗai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda inuwar nan ta sanyaya mu. 'Ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, har da kai mai son shago. Ban riƙe ka a rai ba, ɗana ne kai.

Amma na ji mai zarto ƙarfe takwas zai zo. Gobe in Allah Ya kai mu, ina sallame asuba zan ja kujerata in jingina da gindinta. In ya iso, ya fara ta kaina.