Mutumin da Ya Jira Ƙanƙara Ta Yi Masa Rufi

Duk garin Halden babu wanda na sani da ya taɓa biyan kuɗin rufin gidansa daga aljihunsa sai mijin yayata, Virgil Unruh. Shi ma ba da son ransa ba.

Mu a wannan yanki na jihar Kansas ƙanƙara ce ke yi mana rufi. Hadari zai haɗo baƙi ƙirin, ta zubo, wata kamar ƙwan kaza, ta farfasa rufin kowa. Bayan kwana biyu mai duba ɓarna na kamfanin inshora ya zo ya hau tsani da allinsa na zagaye wuraren da ta fasa, kafin ka ankara an buga maka sabo. Gidana sau biyu aka yi masa haka. Ba wai murna nake yi ba, don mijina Harlan manomin alkama ne, kuma ƙanƙarar da ta ba mu rufi ita ce ta kwantar mana da gona.

Virgil direban motar makaranta ne har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum da hular hana sallah a kansa, ba ya cire ta sai a coci. Kada a ɗauka marowaci ne. In ka roƙe shi rigar jikinsa zai tuɓe ya ba ka. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne ya biya kuɗin abin da wani ya samu a banza. Yakan tuƙa mota har garin gaba don an ce mai ya fi araha a can, ya ƙona fiye da abin da ya rage, ya dawo yana washe baki wai ya yi musu wayo.

Da kuɗin sallamarsa ya sayi jirgin ruwa mai inji, a ƙasar da sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka ga ruwan da zai kai maka gwiwa. Sau ɗaya jirgin ya shiga ruwa, Virgil ya yi ta amai har aka jawo su bakin gaɓa. Tun daga ranar jirgin yake zaune a gareji, motarsu kuma tana kwana a waje. Ya rubuta masa suna a gefe da jan fenti: Lorene, sunan yayata. Kowace safiya sai ya shiga cikinsa ya zauna da kofin kofi, yana sauraron hasashen yanayi a rediyo.

Gidan da suke ciki gidan mahaifinmu ne, Yaya Lorene ta gada. Rufin ya tsufa, ya fara yoyo a ɗakin ɗinki, daga nan ya ci gaba zuwa kicin. Mai gyaran rufi ya zo ya duba ya ce aikin zai ci dala dubu goma sha huɗu. Virgil ya raka shi har bakin mota yana dariya, ya dawo ya ce wa yayata ta kwantar da hankalinta, shi tuni ya gama kasafinsa. Ya ware dala dubu ɗaya, wadda inshora kan ce mutum ya fara ɗauka kafin su ɗauki saura. Ragowar kuma ƙanƙara za ta kawo. Kasafin ke nan gaba ɗayansa.

Ƙanƙara kuwa ta zo. Ta zo a shekarar ta yi wa layin da ke bayansu kaca-kaca. Ta dawo wata shekara ta farfasa gidan da ke damansu da wanda ke hagunsu. Kowane lokaci Virgil zai kira inshora tun ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba, mai dubawa ya hau ya sauko allinsa ko raguwa bai yi ba. A zuwa na uku mutumin ya gaji, ya gaya masa gaskiya: rufinsa ba ƙanƙara ta kashe shi ba, tsufa ne, su kuwa ba sa biyan tsufa. Sannan ya nuna masa ƙatuwar bishiyar da ke kudu maso yamma da gidan, ta inda hadarinmu ke fitowa, ya ce muddin tana nan a tsaye ita za ta riƙa shan dukan.

Wani maƙwabcinsu ya raɗa masa cewa akwai masu hawa rufinsu da guduma su taimaka wa ƙanƙara kaɗan. Virgil ya yi fushi sosai, ya ce shi ba ɓarawo ba ne, rabonsa yake jira, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yayata ta ce to nasa rabon ai a saman yake, saukowa ce ya ƙi yi.

Abin da ya haɗa ni da shi a coci ya faru. Alkama ta yi jawur, saura kaɗan a yanka, duk manomin da ke zaune zuciyarsa na kan sama. Fasto ya tambaya ko akwai mai bukatar a yi masa addu'a. Virgil ya miƙe, hula a hannu, ya ce a taya shi roƙon ƙanƙara. Na ga wuyan Harlan ya yi ja, na danne masa gwiwa da hannu.

"'Yar kaɗan fa nake nufi, Fasto," in ji Virgil. "Layinmu kawai. Allah ai ya san lambar gidana."

Fasto ya yi gyaran murya, ya roƙi Allah ya ba kowa abin da ya fi alheri gare shi, ya yi maza ya kira waƙa. A bakin ƙofa na tare Virgil na ce masa in ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta faɗa gonarmu a bana, a gidansa za mu ci abinci har shekara ta zagayo. Ya ce bismillah, amma mu taho da kwanukanmu, nasu duk suna aiki.

Gaskiya ya faɗa. A lokacin babu tukunya ko kwano ko roba a gidan da ba a kafa wa ɗigo ba. Yayata in za ta yi miya sai ta leƙa sama tukuna ta ga ko hadari zai bar mata tukunya. Ta yi haƙuri irin nata, mai ban haushi, har ranar da silin ɗin ɗakin ɗinki ya jiƙe ya ɓallo a kan bargon da ta yi wata da watanni tana haɗawa don auren jikarsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ko dai a yi sabon rufi kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, ko ta tattara ta koma gidan ƙanwarta Nadine. Ni ce Nadine, kuma ba wanda ya shawarce ni.

Ina son yayata, Allah ya sani. Amma mace ce da in ta kwana biyu a gidanka ba za ka ƙara gane inda cokulanka suke ba. Don haka ni ma na shiga cikin masu son a yi rufin nan.

Virgil ya shiga jirginsa ya yi tunani, ya fito da sabon kasafi. Sare bishiyar dala dubu biyu ne. In an sare ta, ƙanƙara za ta samu hanya, rufi ya zo a banza. Ya ga riba ƙarara, ya kira masu sara, bai gaya wa kowa ba.

Bishiyar nan babanmu ya dasa ta shekarar da aka haifi Lorene. A jikinta aka ɗaura mana lilo, a ƙarƙashinta aka yi walimar aurensu ita da Virgil ɗin kansa. Da safe ta kira ni a waya ta ce in zo da mota, muryarta a sanyaye, abin da ya fi ihu tsorata ni. Na tarar da babbar motar masu sara a ƙofar gida, ita kuma ta fito da kujerar kicin ta zauna a gindin bishiyar, akwatinta a gefe, jakarta a cinya kamar mai jiran motar haya. Shugaban masu saran ya ce wa Virgil shi dai bai taɓa sare bishiya da mace a ƙarƙashi ba, kuma ba da ita zai fara ba.

Virgil ya durƙusa yana yi mata bayani da yatsu, biyu a nan, goma sha huɗu a can, wai ta duba bambancin. Ta bar shi har ya gama.

"Virgil," ta ce, "duk gidan nan bishiyar nan kaɗai ke ƙoƙarin kada ruwa ya taɓa ni. Ita za ka sare?"

Ya ce ai don ita yake yi.

"Akwai Lorene ɗaya a gidan nan da ruwa bai taɓa ɗiga mata ba," in ji ta. "Tana gareji. Ka zauna da ita."

Ta miƙe ta ba ni akwatin. Na so in yi dariya, na kuma so in yi kuka, don na ga fuskar Virgil ta faɗa kamar ya kwana da zazzaɓi. Masu sara suka karɓi kuɗin mai suka tafi. Wannan ne kuɗi na farko da rufin ya ci.

Zamanta a gidana ba zan ba da labarinsa duka ba. Ta mayar da gishiri inda sukari yake, ta koya wa Harlan yadda ake ninke tawul bayan ya tsufa. Amma kullum da yamma sai in gan ta a taga tana kallon hanya. Harlan ya leƙa Virgil, ya dawo ya ce ya same shi a cikin jirgi, rediyo a kashe, yana cin wake daga gwangwani da cokalin shayi. Na ce wa yayata ko mu aika masa da abinci. Ta ce a'a, sannan ta dafa ta ba Harlan ya kai, wai kada a ce daga wurinta ne.

Muna zaune a baranda wata rana sai ga wata mota ta wuce tana jan jirgin ruwa, wani likitan haƙori daga birnin Wichita ne a ciki. Jan fentin nan na gefe yana nan, ba a ko goge ba. Yayata ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ta ce, "To, kishiyata ta yi aure." Ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Kuɗin jirgin da dala dubu ɗayan nan da ɗan abin da suka tara suka haɗu suka isa, da ƙyar. Virgil ya tsaya a kan masu aikin tun safe har yamma, yana tsince ƙusoshin da suka faɗo yana miƙa musu, wai kuɗinsa ne. Da aka gama ya zo gidana da hularsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa kamar saurayi. Na ce masa ya ɗauki matarsa kafin ta canza wa gidana ƙofa. Ta koma tun ganyen itatuwa bai gama zuba ba, kafin dusar ƙanƙara ta fara.

Shekarar da ta biyo, Harlan ya gama yankan alkamarsa lafiya, shi ya sa nake iya ba da wannan labari ina dariya. Ranar Lahadi muna cin abincin rana a gidansu sai sama ta rikiɗe ta yi wani kore-kore. Kowa ya san abin da ke tafe. Ta fara sauka ɗai-ɗai, can kuma ta ɓarke, irin wadda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Wato addu'ar Virgil ce ta iso, a makare.

Kafin mu riƙe shi ya fizgi tukunyar miya ta yayata daga kan teburin kicin, ya kifa a kansa, ya fita da gudu. Muka leƙa ta taga muka gan shi a gindin bishiyar, ya rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tukunya, ƙanƙara na buga ta kamar ƙararrawar makaranta.

"Riƙe, tsohuwa, riƙe!" yake cewa. "Kada ki bari ta taɓa min rufi! Kuɗina ne!"

Tsohuwa kuwa ta riƙe. Ganyenta ya zube kaf, rassa suka kakkarye, amma rufin Virgil ko ƙwarzane bai yi ba. Motarsa ma, wadda ta samu wuri a gareji bayan tafiyar jirgin, lafiya lau. Duk layin aka yi musu sabon rufi, wasu har da kuɗin gyaran mota. Shi abin da ya samu kumburi ne a kafaɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

A ranar dai, da ƙanƙarar ta ɗauke, ya shigo jagab ya zauna a kicin. Harlan, da ke riƙe da shi tun maganar coci, ya ce, "Ka gani ko, Virgil? Da ka sare bishiyar ka ƙara haƙurin shekara ɗaya, da yanzu ga rufi a banza, ga jirginka a gareji."

Na harare shi, amma magana ta riga ta fita. Na ga leɓɓan Virgil na motsi, na san lissafi yake yi, na kuma san lissafin ya fita daidai. Ya ɗaga kai ya dubi silin, busasshe ƙayau. Ya dubi yayata tana share masa wuya da tawul.

"Da na samu rufin," ya ce, "da wa zan zauna a ƙarƙashinsa?"

Yayata ta ajiye tawul ɗin. Ta ɗauki tukunyar ta juya ta, ta shafa inda ta lolloɓa, ta ce sabuwa zai saya mata, kuma kada ya kuskura ya jira sama ta kawo.