Gaisuwar da Ta Cinye Wasiƙar Baba Sakan

Shekara talatin da shida Baba Sakan ya yi yana gyaran agogo a ɗan shagon da ke tsakanin na tela da na mai aski. Tebur ɗaya ne, da fitila, da gwangwanayen ƙananan kusoshi, sai madubin da yake maƙalawa a ido. Tela ne ya laƙaba masa sunan, don ba ya yarda a ce biyu ta yi in da sauran sakan goma.

'Yarsa, malamar makaranta, ita ta fara kawo masa littattafan nan masu zane da ke fitowa duk wata, suna bayanin falsafa da al'adun mutane. Da farko ya so su. A ciki akwai wani dattijo da ke yawo kasuwa yana tare mutane da tambaya: mene ne adalci, mene ne kyau. Sannu a hankali Baba Sakan ya lura cewa duk mai ba da amsar wauta, mai sana'a ne. An yi da maƙeri, an yi da magini. A fitowa ta bakwai aka zo kan lokaci, aka zana mai gyaran agogo baki buɗe, riƙe da guduma.

"Guduma," ya ce, yana nuna wa tela shafin. "A kan agogon hannu."

"Ai hancin ma naka ne," in ji mai aski.

Bai yi dariya ba.

A shafin ƙarshe ake buga ra'ayin masu karatu. Kwana huɗu ya yi yana rubutu, shafi uku cur. Sai dai shi mutumin dā ne, ko faɗa ya kai shi gidanka sai ya tambayi lafiyar iyali. Ya gaida masu buga littafin, ya yi musu fatan alheri, ya ce aikinsu abin yabo ne, Allah ya ƙara basira. Sannan ya rubuta "amma", ya sauke musu abin da ke cikinsa.

"Za ku gani," ya ce wa maƙwabtan nasa.

Suka kuwa gani. Da wata ya zagayo, tela ya tsaya a bakin shagon ya karanta sabuwar fitowar da ƙarfi, daga gaisuwa har zuwa: "Aikinku abin yabo ne, Allah ya ƙara basira. Daga wani mai gyaran agogo." Daidai kan "amma" aka datse.

"Ashe godiya ka aika, Baba," in ji mai aski. "Hancin ne ya burge ka?"

Ranar ko agogo ɗaya bai buɗe ba. Mutumin da a layin nan ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, ga shi a takarda yana sa wa masu zaginsa albarka.

Da 'yarsa ta biyo daga makaranta ta duba, ta ce, "Baba, layi huɗu kawai suke ba kowace wasiƙa. Daga sama suke ɗiba."

"Wato mutum ya fara da rashin kunya?"

"Ka fara da abin da ya kai ka."

Sau biyar yana yayyaga takarda, don da ya ɗora biro sai gaisuwa ta riga shi fita. A ta shida ya cije ya rubuta: "Wanda ya zana mai gyaran agogo da guduma bai taɓa shiga shago ba. Ku daina mai da masu sana'a wawaye. In dattijonku na son sanin lokaci, ya zo ya zauna kusa da ni yini ɗaya, ya yi shiru."

Aka buga ta ba a cire ko wasali ba. Tela ya karanta sau biyu, mai aski ya ce yanzu kam an ji muryar Baba Sakan.

Shi kuwa ya karɓi littafin ya daɗe yana kallo, fuska a murtuke.

"Duk wanda ya karanta wannan zai ce ban sami tarbiyya ba," ya ce. "Dubi abin da suka mai da ni."

Ya jawo wata takarda ya rubuta gaisuwar ita kaɗai, da tambayar lafiyar iyali. A ƙasa ya ƙara: "Wannan ba ta bugawa ba ce." Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, har biron ya huda takardar.