Ranar da Muka Haska Ruwan Tafki a Bangon Aji

Shekarun baya, ina sabon malamin kimiyya, aka tura ni wata ƙaramar sakandare ta wajen Yashe. Daga Kankia nake tasowa kullum a kan babur. Darasin da ya fi wahalar da ni shi ne na ƙananan halittun da ido ba ya gani. Sai in zana su a allo, ni kuwa zanena sai addu'a. Wata ɗaliba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ƙosai ne ko ƙwaro?" Ajin ya kwashe da dariya, har da ni.

Da na ba abokina mai gyaran waya a kasuwar Kankia labari, sai ya samo mini wani ɗan gilashi da ake maƙalawa a idon kyamarar waya, mai ƙara girman abu. Ya kuma ara mini ƙaramin majigi mai batir, wanda ke haska abin da ke cikin waya a bango. Ranar, don murna, abinci ma a tsaye na ci. Na haska gishiri, na haska gashin akuya, har mahaifiyata ta ce in bar mata kayan miyarta su huta.

Na fara da nuna wa yara ganye da fiffiken ƙuda. Cikin mako guda labari ya zaga gari cewa sabon malami fim yake nuna wa yara a aji. Shugaban makarantarmu ya kira ni ya ce iyaye sun fusata, wasu har sun hana 'ya'yansu zuwa. Ya ce shugaban ƙungiyar iyaye zai zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba, majigi ya bar makarantar, ƙila ni ma in bi shi.

Dattijon ya zo da hantsi, fuska ba annuri, ya zauna a bencin baya. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Malam, mun turo ɗiyanmu karatu ne ba kallo ba. Nuna mani abin da kake nuna masu."

Na ce, "To Baba, ka zaɓi wanda zai ɗebo mana ruwa a tafkin bayan gari."

Jikarsa da ke ajin ya aika. Muka rufe tagogi da tabarmi, na ɗiga ruwan a kan wani fallen gilashi, na saita waya a kansa. Da na kunna, abin da ya fara fitowa a bango ƙaton babban yatsana ne. Yara suka tuntsire da dariya, dattijo ko motsi bai yi ba. Na gyara, na sake gyarawa, gumi na zuba. Can sai bango ya washe, ga wani abu mai ƙafafu da dogon gashin baki ya gifta da gudu, wasu ƙanana na juyi a bayansa.

Ihun da aka yi sai da malaman sauran azuzuwa suka rugo. Masu zama a gaba suka haye benci. Ni kaina da na shirya abin sai da na ja da baya.

Dattijo ya taso har jikin bango, ya sa hannu ya shafa, abin ya bi ta bayan hannunsa ya wuce. Ya juyo ya ce, "Mi ne ne wanga? A cikin ruwan da yarinyar ga ta ɗebo yanzu?"

Kafin in buɗe baki jikarsa ta riga ni. "Kaka, su ne Malam yake faɗa mana. Wasu ba su cutarwa, wasu kuma su ke sa ciwon ciki. Shi ya sa ake tacewa a tafasa."

Ya dube ta, sannan ya ce a matsa masa wuri ya zauna. A bencin gaba ya ƙarasa darasin, kuma ya fi kowa tambaya. Washegari duk waɗanda aka hana zuwa suka dawo, kowa da kwalbarsa: ruwan rijiya, ruwan randa, ruwan famfo, wani ma koko ya kawo. Daga baya mata suka riƙa aiko mini da saƙo cewa yara sun hana su sakat, ba a shan ruwa a gida sai an tafasa.

Abin da na koya shi ne, yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, gani suka rasa. Na'ura ba ta koyar da kowa, amma tana sa yaro ya yi tambayar da baki kaɗai ba zai sa ya yi ba. Har yau ina koyarwa, kayan aiki ma sun fi na da kyau nesa ba kusa ba. Amma duk shekara in sababbin ɗalibai suka zo, da ɗigon ruwa nake fara masu. Idan na kunna majigi ba na kallon bango, fuskokinsu nake kallo.