Miyar da ke kan naman rago

Shekarata ta biyu ke nan a wani otal a Dubai, ina kai wa baƙi abinci, ina kuma zuba musu giyar inabi. Mutanen gida a Kano sun san aikin otal nake yi, ban ƙara musu ko kalma a kai ba. Ban taɓa kai giyar baki ba, amma na haddace bayaninta tsaf: jar nan ta Faransa mai nauyi ce, tana kama harshe kamar goro, tana ƙamshin kanumfari da busasshen inabi, ba ta shiri da kifi, sai naman rago mai maiƙo. Hancina ne ya yi wannan karatun.

Wata rana da azahar wani Bafaranshe mai sayar da man turare ya shigo da baƙonsa. Ina ɗaga ido sai na ga Alhaji, mahaifin yarinyar da aka sa mana rana bayan babbar sallah. Sau biyu kawai ya taɓa ganina, ina durƙushe cikin babbar riga, kaina a ƙasa. Yau kuwa ga ni cikin baƙar kwat, ba hula. Na daɗe ina jin haushin yadda baƙi ba sa kallon fuskar mai kawo abinci, amma ran nan godiya na yi wa Allah.

Bafaranshen ya zaɓar musu gasasshen rago, ya tambaye ni wace giya ta dace. Na karanto masa haddata da Turanci, murya can ƙasa. Na nuna masa kwalbar, na buɗe, na zuba masa ɗan kaɗan yadda al'adarsu take. Ya jujjuya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya gyaɗa kai. Da na juya wajen Alhaji, sai ya rufe nasa kofin da tafin hannu, ya nemi ruwa. Bai dube ni ba.

Na ɗauka na tsira, sai da na ajiye musu naman. Baƙar miyar da aka kwarara a kai, na san yadda kukunmu ke haɗa ta: giyar nan yake tuttulawa a tukunya har ta yi kauri. Alhaji ya yanki nama, ya dangwali miyar, ya yi bisimilla a fili.

Zuciyata ta ce, yi shiru, ya ci ya tafi, aurenka na nan. Na sunkuya na gaya masa da Turanci. Ko waiwayowa bai yi ba, don Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Loma ta kusa baki.

"Baba, kada ku ci," na ce da Hausa. "Da giya aka haɗa miyar."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi kwalbar giyar da na sake ɗauka a hannuna, ya sake dubana.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

Ya ajiye cokalin a hankali. Ya nuna wa Bafaranshen cikinsa alamar ba ya jin daɗi, ya nemi burodi da shayi. Ni na kawo masa. Suka ci gaba da maganar turare, ni kuma ina tsaye ina ƙara wa Bafaranshen giya duk sanda kofinsa ya yi ƙasa.

Da za su fita, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa. Na je na durƙusa a gaban kowa, har da manajanmu. Ba faɗa, ba tsawa, ni da ma faɗan ya yi.

"Na gode, ɗana," ya ce. "Ka tsare mini cikina, Allah ya saka maka. 'Yata kuma ni zan tsare ta."

Kafin watan ya ƙare mahaifiyata ta kira ni tana kuka, an dawo da kayan sa rana.